An sace kwamfuta mai ɗauke da takardar shaidar VPN: mene ne mafita?

Mai tambaya, Tawa:
Assalamu alaikum. Ofishinmu na Tawa yana haɗuwa da babban ofishi na Yamai ta OpenVPN, manhajar VPN da ke haɗa ofisoshi ta rufaffiyar hanya a cikin intanet, kuma tun da aka kafa tsarin, fayil guda mai ɗauke da takardar shaida da mabuɗin sirri muke kwafa wa kowane ma'aikaci. A makon jiya aka sace kwamfutar akawunmu a tashar mota. Shin canza kalmar sirri ya wadatar, ko sai an sake komai?

Ma'aikacin sadarwa, Yamai:
Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya mayar da alheri. Canza kalmar sirri zai rage haɗarin idan uwar garken, wato babbar kwamfutar da kowa ke haɗuwa da ita, tana neman ta, amma mabuɗin yana nan a hannun ɓarawo, saboda haka dole a soke takardar. Matsalar ita ce, tunda guda ɗaya kuke rabawa, ranar da aka soke ta kowa zai tsaya a waje. Shawarata ita ce ku fara fitar wa kowace na'ura tata takardar da easy-rsa, manhajar da ke fitar da takardun shaida, da sunan mai ita a jiki, sannan ku soke tsohuwar, ku sa ta cikin jerin sokakku, ku kunna crl-verify, saitin da ke sa uwar garken ta duba jerin kafin ta karɓi kowa. Kada ku manta da cire saitin duplicate-cn, domin shi ne ya ba ku damar shiga da takarda ɗaya a lokaci guda.

Malama mai kula da uwar garke, Yamai:
Ina goyon bayan wannan, sai dai akwai tarkon da ya taɓa kama ni. Shi kansa jerin sokakkun yana da wa'adi, kwana 180 idan ba a canza saitin easy-rsa ba, kuma da zarar ya ƙare, uwar garken takan ƙi karɓar kowa, har masu takarda mai kyau. Ni da safiyar wata Litinin na gane haka, waya tana ta ƙara. Ka rubuta ranar sabuntawa a kalandar bango. Shi kuwa babban mabuɗin da ke sa hannu a kan takardun, a ajiye shi a kwamfutar da ba ta hawa intanet.

Mai tambaya, Tawa:
Na gode, Malama, na gode, Malam. Babban mabuɗin namu a kan uwar garken yake zaune, don haka gobe da shi zan fara.