Sharhin Littafi Mai Tsarki a ƙarni na 8 da na 9: kwafi ne ko bincike?

Rahila:
Malamai, ina neman shawararku. Ina shirya wa ɗaliban jami'a darasi a kan yadda aka yi sharhin Littafi Mai Tsarki a yammacin Turai, daga zamanin Fafaroma Giregori Babba, wanda ya rasu a 604, zuwa ƙarshen ƙarni na 9. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, duk wanda ya buɗe sharhin Bede, ɗan zuhudu na Northumbria a arewacin Ingila, a kan Bisharar Luka, ko na Hrabanus Maurus a kan Matiyu, zai tarar an ɗebo shafuka masu yawa daga Ambros da Agustin da Jerom da Giregori, manyan malaman ikkilisiyar farko da ake kira Ubannin Ikkilisiya, wani lokaci ba tare da an sauya ko kalma ɗaya ba. Idan ɗalibi ya ce mini wannan satar rubutu ce, da wace hujja zan nuna masa cewa akwai tunani a cikin aikin?

Malam Ishaya:
Malama Rahila, ki fara da abin da Bede ya yi da hannunsa. A sharhin Luka ya sanya haruffan sunayen waɗannan malamai huɗu a gefen shafi, domin mai karatu ya san inda maganar kowannensu ta fara da inda ta ƙare, har ya roƙi masu kwafin littafin kada su zubar da alamomin. Da yawansu ba su ji roƙon ba, shi ya sa alamomin suka ɓace a rubuce-rubucen hannu masu yawa. Ɓarawo ba ya barin sunan mai kaya a jikin kayan.

Amma hujjar da ta fi ƙarfi a ganina tana wuraren da ba shi da wanda zai kwafa. Kafin Bede babu wani cikin Ubannin Ikkilisiya da ya yi cikakken sharhi a kan Ezra da Nehemiya. Da ya kai babi na 5 na Nehemiya, inda talakawa ke kuka da manyan da suka tatse su, sai ya juya maganar kan shugabannin ikkilisiyar zamaninsa masu karɓar haraji daga jama'a ba tare da sun yi musu wa'azi ba. Ki ajiye wannan kusa da wasiƙar da ya aika wa Bishop Egbert na York a 734, inda ya koka cewa akwai ƙauyuka a cikin duwatsu da suke shafe shekaru ba su ga bishop ba, alhali ba a taɓa yafe musu haraji ba. Ɗalibi zai gane da kansa cewa mutumin yana karanta nassin ne da idon abin da ke faruwa a Northumbria.

Dauda:
Na yarda da Malam Ishaya game da Bede, sai dai kada mu ɗora hukuncinsa a kan kowa. Hrabanus, wanda ya shugabanci gidan zuhudu na Fulda a Jamus kuma ya rasu a 856, ya fi karkata ga tattarawa, kuma yana da dalilinsa: gidajen zuhudu da yawa ba su da littattafai, ga shi littafin Giregori a kan Ayuba kaɗai kashi 35 ne, kowane shafi kuma sai an gyara fata an rubuta da hannu. Wanda ya tsamo wa ɗaliban makaranta abin da suke bukata ya jera shi aya bayan aya ya yi musu babban aiki, ko da bai ƙara nasa ba. Gara a gaya wa ɗalibai haka kai tsaye da a riƙa neman sabon tunani inda marubucin bai yi niyyarsa ba.

Malama Ladi:
Ni gargaɗina a kan bugun littattafan ne. Kada ki dogara da tarin rubuce-rubucen malaman ikkilisiya na Latin mai suna Patrologia Latina, wanda wani firist Bafaranshe mai suna Migne ya fara bugawa a 1844, domin ya sake buga tsofaffin bugu ne, kuma akwai sharhohi a ciki da aka jingina wa Bede alhali ba nasa ba ne. Ki nemi bugun Corpus Christianorum, wanda yake nuna tushen jimlolin da aka ɗauko a ƙasan shafi. A aji kuwa, ki zaɓi ayoyi kaɗan daga Luka, ki ba ɗalibai shafin Ambros da shafin Bede a kan ayoyin, ki ce su ja layi a ƙarƙashin abin da Bede ya ɗauka, su kuma yi wa abin da ya tsallake alama. Muhawarar takan yi zafi ne a kan abin da ya tsallake.

Rahila:
Na gode ƙwarai, Malamai. Zan fara da Nehemiya da wasiƙar Egbert, sannan in ware wa Hrabanus darasi nasa daban kamar yadda Malam Dauda ya nuna.