Neman kalmar Hausa: me za mu kira "headspace"?

Jama'a, mu da muke aikin fassara a nan Legas muna bukatar matsaya a kan kalmar "headspace", wadda take yawan fitowa a gargaɗin da ake yi wa masu ɗura harsasan kasuwa a tsofaffin bindigogin soja. Abin da ake nufi shi ne nisan da ke tsakanin fuskar sakatar bindiga (ƙarfen da ke kulle harsashi ta baya), bayan an rufe ta, da wurin da ke tokare harsashi a cikin gurbinsa.

Idan nisan ya wuce kima, kwanson harsashi na tagulla yakan miƙe a lokacin harbi har ya tsage daga ƙasa, iska mai zafi ta feso wa maharbi a fuska. Harsashin .308 Winchester da ya shiga kasuwa a 1952 da 7.62 na NATO da aka amince da shi a 1954 kusan girmansu ɗaya, amma gurbin bindigar soja yakan fi sakewa domin ta ci gaba da aiki cikin ƙura, kwanson soja kuma ya fi kauri, saboda haka na kasuwa ne yake shan wahala a ciki.

Wani ɗan'uwa daga Idi-Araba ya kawo "filin kai". Ban goyi baya ba, domin abin da Bature yake kira kan kwanso shi ne Bahaushe yake kira gindinsa, kuma duk wanda ya ji "kai" tsinin harsashi zai duba. "Ratar gindi" ta fi kusa da ma'ana, sai dai ba kalmar da za a karanta a rediyo ba ce, kowa ya san dalili.

Wani dattijo a Agege, tsohon soja, ya ce da ni: "Malam, ai a sakata maganar take." Ya tuna mini cewa bindigar Lee-Enfield lamba 4, mai cin harsashin .303, tana da kawunan sakata masu lamba 0 zuwa 3, waɗanda mai gyaran makamai yake sauyawa idan ma'auninsa ya nuna bindigar ta yi sako-sako.

Shawarata ita ce "tazarar sakata". Na zaɓi tazara a kan rata ne saboda tazara aba ce da ake aunawa, tana iya yin daidai, ta gaza ko ta zarce, alhali rata tana sa a zaci aibi ne tun farko. Sai mu rubuta: "Kada a harba harsashin kasuwa sai ƙwararre ya auna tazarar sakata."

A fassarar da za a yi domin 'yan gida, a ƙara da cewa Dokar Makamai ta 1959 ta sanya bindigogin soja masu cin 7.62 da .303 cikin haramtattun makamai a Najeriya. Masu gyara a kan wannan shawara su kawo nasu kafin mu shigar da kalmar cikin jerinmu.