Girki da rubutaccen awo: me yake gyarawa, ina ake kuskure?

Ƙanwar Zaure: Assalamu alaikum iyayenmu da yayyenmu. Wai mace ta iya girki da ido, mene ne kuma amfanin bin rubutaccen tsari? Kuma me ya sa ake bin sa wani lokaci kek ya ƙi tashi?

Uwargida: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ido yana aiki a tukunya, domin kina ɗanɗanawa kina gyarawa. A gashi babu wannan damar, da zarar kwaɓi ya shiga oben an gama magana. Babban amfanin rubutu shi ne idan abu ya lalace kina da inda za ki duba. Ki canza abu ɗaya tak, ki sake gwadawa, ki rubuta abin da ya fito. In kika canza uku a tare ba za ki san wanne ya gyara ba.

Mai Burodi: Hajiya ta faɗi gaskiya. Ni shawarata a sayi ƙaramin sikeli. Kofin fulawa da aka zuba da cokali aka share bakinsa giram 120 zuwa 130 ne, amma in aka cusa kofin cikin buhu aka danna, yana iya kai 150. A kofi uku kin ƙara wajen rabin kofi ba ki sani ba, sai kek ya fito a bushe ya cunkushe. Sukari ba ya wannan yaudarar, kofinsa giram 200 ne. Cokalin shayi na awo mililita 5 ne, babban 15, wato ƙanana uku su ne babba ɗaya. Cokalin da ake cin abinci da shi ba ma'auni ba ne, kowane gida da girman nasa.

Na burodi kuwa a riƙe wannan: fulawa giram 500, ruwa 300 zuwa 325, gishiri 10, busasshen yis 7. Ruwan ya zama mai ɗumi kaɗan, digiri 35 zuwa 40 a ma'aunin Celsius. In ya kai wajen 60 yis ya mutu, ko kwana kwaɓin ya yi ba zai kumbura ba.

Ƙanwar Zaure: To Yaya, in an rubuta bekin foda ba ni da shi, zan iya sa bekin soda?

Mai Burodi: Ba awo ɗaya ba ne. Soda ta fi ƙarfi ninki uku zuwa huɗu, kuma sai da abu mai tsami take aiki, kamar yogot ko ruwan lemun tsami. In babu tsami, kek zai yi ɗanɗanon sabulu. Kofin fulawa ɗaya yana ɗaukar cokalin shayi ɗaya na foda, ko kwatan cokalin shayi na soda. In kin samu foda kuma, ki gwada ta a ruwan zafi, in ba ta yi kumfa ba ta tsufa.

Malamar Girki: Ku ƙara da girman gwangwanin gashi, don nan mutane ke tafka kuskure su ɗora wa rubutun laifi. Zagayayyen gwangwani mai faɗin santimita 23 ya fi mai 20 fili da kusan kashi ɗaya cikin uku. Kwaɓin zai baje ya yi falan-falan, ya gasu kafin lokacin da aka rubuta. A kunna oben tun da wuri ya kai digiri 180 kafin a sa, kada a buɗe ƙofa a minti 20 na farko, iska mai sanyi ce ke sa tsakiya ya lotsa. Bayan an zuba fulawa a daina bugu da zarar ta ɓace a kwaɓin, yawan juyi ke sa kek ya yi tauri kamar roba. Minti biyar kafin cikar lokaci a soka tsinke a tsakiya don a ga ko ya gasu.

Uwargida: Sai maganar ninkawa idan an yi baƙi. Ba komai ake ninkawa ba. In shinkafa ta ninku, ruwan kada ya kai ninki biyu cif, domin abin da ke tafiya a tururi kusan ɗaya ne, shi ya sa take caɓewa in an ninka ruwan. Gishiri da kayan ƙamshi a fara da ninki ɗaya da rabi, a ɗanɗana, a ƙara. Kuma a karanta tsarin har ƙarshe kafin a kunna wuta, a yanka komai a ajiye. Albasa tana son mintoci kafin ta yi laushi, tafarnuwa kuwa ƙasa da minti ɗaya take ƙonewa ta yi ɗaci, shi ya sa ake rubuta ta a baya.

Malamar Girki: Kaza kuma kada a dogara da mintocin da aka rubuta, girman yanka ya bambanta. A soka ma'aunin zafi a wuri mafi kauri ba tare da an taɓa ƙashi ba, sai ya nuna digiri 74 a sauke.