Iya nisan da VNA ke gani cikin kebul

Tambayar da ta tayar da zancen tsakanin masu aikin eriya ita ce: me ya sa na'urar VNA (vector network analyzer, mai tura sigina cikin kebul ta auna abin da ya dawo) ke nuna matsala a mita 5, alhali an san kebul ɗin a mita 25 ya lalace?

Amsar da aka fi yarda da ita: ba lokaci na'urar ke aunawa kai tsaye ba. Firikwensi take bi ɗigo-ɗigo, sannan lissafi ya mayar da shi lokaci. Don haka tazarar da ke tsakanin ɗigo biyu ce ke yanke nisa. Idan faɗin zangon firikwensin da take bi 1 GHz ne, ɗigo 201, tazarar 5 MHz ce, wato nanosakan 200 idan an mayar da ita lokaci (1 a raba da 5 MHz). Sigina zuwa da dawowa take yi, sai a raba biyu. A kebul RG-58, mai gudun kashi 66 cikin 100 na haske, kusan mita 20 ke nan. Duk abin da ya wuce nan naɗowa yake yi ya bayyana kusa, inda babu komai.

Mafita biyu aka bayar. A ƙara ɗigo: 1601 na kaiwa kusan mita 158. Ko a rage faɗin zango, amma sai mahaɗai biyu da ke kusa su haɗe a allo. Ni dai na fi son ta farko, ko da awon zai ɗan jinkirta.

Gane alamar matsala ta bogi kuwa da sauƙi: sauya yawan ɗigo, ta gaskiya za ta tsaya, ta bogi za ta matsa. Wasu sun tunatar cewa dogon kebul na cinye sigina sau biyu, zuwa da dawowa, sai a rage faɗin IF, wato matatar sigina ta cikin na'urar, don a iya ganin sigina mai rauni.