Abin da matan Italiya suka ce kan suyar chiacchiere

Kafin azumin Kiristoci na kwana 40 ya kama, gidajen Italiya sukan cika da ƙamshin chiacchiere, wani soyayyen fulawa mai kama da dublan ɗinmu. A Roma frappe suke ce masa, a Venice kuma galani.

Wasu matan Italiya sun yi hira kan yadda ake suyarsa. Da hirar ta yi nisa, kowa ya yarda cewa sirrin yana wajen murji. A kwaɓa fulawa da ƙwai, sukari kaɗan da bota, a rufe ta huta rabin awa, sannan a murza ta yi siriri har a kusa hango hannu ta cikinta. Mai kauri tauri yake yi. Man suya kuwa ya kai zafin digiri 170, in ya gaza haka sai ya shige ciki ya yi nauyi.

Gardama ta kaure kan giyar da wasu ke ɗigawa don ya yi kumfa. Wasu suka ce ruwan lemo ma yana yi, mu kam wannan ya fi mana. Masu gasawa a oven sun ce ya fi sauƙi a ciki, tsofaffi dai suka taɓe baki. Garin sukari kuwa, sai chiacchiere ɗin ya huce ake barbaɗawa.