Buɗe kamfanin LLC a Amurka daga Kano: wace jiha, kuma nawa ne kuɗinsa?

Badukun Cikin Birni

Assalamu alaikum. Sana'ata ɗinkin jakunkuna da takalman fata, a wajen majeman Ƙofar Wambai nake sayen fata, kuma a yanzu mutane da yawa daga cikin masu sayen kayana 'yan Najeriya ne mazauna Amurka da abokan zamansu. Abin da yake ba ni wahala shi ne karɓar kuɗi, domin mai saye a can ya fi son ya biya da katinsa nan take, ba ya son a ce masa ya tura ta hannun wani ɗan'uwa da zai sauya dala zuwa naira. Wani abokina ya ba ni shawarar in buɗe kamfanin LLC a Amurka, wato irin kamfanin da bashinsa ba ya hawa kan dukiyar mai shi, ya ce da shi zan samu asusun dala da hanyar karɓar kati ta Stripe. Na ga masu tallar wannan aiki a Facebook, amma kowa da irin farashin da yake faɗa, kuma wannan ya ce Delaware, wancan ya ce Wyoming, ba tare da wani ya bayyana dalili ba.

Ina roƙon waɗanda suka san harkar su fayyace mini ko wanda bai taɓa taka Amurka ba zai iya mallakar irin wannan kamfani, da abin da jiha take nema kafin ta yi rajista, da kuma adadin da yake shiga aljihun gwamnati, ban da ladan dillali. Ya kamata in ƙara da cewa har yanzu ban yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta Najeriya, wato CAC, ba, da sunana nake ciniki. Allah ya saka da alheri.

Bakano a Teksas

Wa alaikumus salam, Malam. Za ka iya, domin ba a sharɗanta zama ɗan ƙasa ko samun izinin zama kafin a mallaki LLC ba, kuma ba sai ka zo da ƙafarka ba. Dalilin bambancin farashin da ka gani shi ne, a nan ba gwamnatin tarayya ce take yi wa kamfani rajista ba. Kowace jiha tana da dokarta da ofishinta da kuɗin da ta yanka, kuma a yawancinsu ofishin sakataren jiha ne yake karɓar takardar. Takardar kafa kamfanin gajeriya ce ƙwarai. Ana neman sunan da bai ci karo da na wani a jihar ba, wanda ya ƙunshi haruffan LLC ko makamancinsu, sai kuma suna da adireshin wakilin da zai riƙa karɓar sammaci da wasiƙun hukuma a madadin kamfanin. Dole wannan wakili ya kasance da adireshi na zahiri a cikin jihar, akwatin gidan waya ba ya wadatarwa, don haka kai da kake Kano sai ka ɗauki ɗaya daga cikin kamfanonin da suke wannan aiki, ka riƙa biyansu duk shekara.

Ga kuɗin kamar yadda suke a 2024, kuma ka sake duba shafin jihar a ranar da za ka biya, tunda sukan yi ƙari. Wyoming, wadda ita ce ta fara kafa dokar LLC a 1977, tana karɓar dala 100 a wajen rajista, sannan aƙalla dala 60 duk shekara tare da rahoton da ake miƙawa a ranar farko ta watan da aka kafa kamfanin. Delaware tana karɓar dala 110, sai harajin dala 300 duk shekara kafin 1 ga Yuni ta wuce, kuma wanda ya makara akwai tarar dala 200 da ƙarin kashi 1.5 cikin ɗari kowane wata. New Mexico dala 50 ce, kuma ba ta neman rahoton shekara daga LLC. A nan Teksas dala 300 ake biya.

Akwai jihohin da arharsu ta farko takan ruɗi mutum. Kalifoniya dala 70 kawai take karɓa a wajen rajista, amma tana da harajin dala 800 duk shekara, ko kamfanin ya ci riba ko bai sayar da ko ɗan kunne ba. New York kuwa, bayan dala 200 ta rajista, dokarta ta wajabta a buga sanarwar kafa kamfanin a jaridu biyu har makonni shida a jere cikin kwanaki 120, a kuma biya dala 50 don shigar da shaidar bugawar, kuma a cikin birnin New York kuɗin jaridun yakan ninka kuɗin rajistar. Kuɗin rajista kamar kuɗin goron kama shago ne a Kwari, hayar shekara tana nan tana jiranka.

A ganina Delaware ba ta dace da kai ba. Sunan da ta yi ya samo asali ne daga kotunta ta musamman mai shari'ar kamfanoni da kuma sha'awar da masu zuba jari suke yi mata, alhali kai ba masu zuba jari kake nema ba. Wyoming ko New Mexico sun fi sauƙi. Sai dai ka lura, idan ka ajiye kaya a gidan wani ɗan'uwa a wata jiha yana aika wa masu saye, ko ka ɗauki ma'aikaci a can, wannan jihar za ta iya cewa a cikinta kake kasuwanci, sai ka sake yin rajista a wurinta, ka riƙa biyan jihohi biyu.

Hajiya Akanta

Abin da Alhaji Bakano ya faɗa game da jihohi haka yake, amma ni ba kuɗin jiha ne yake ba ni tsoro ba, hukumar harajin tarayya ta Amurka ce, wato IRS, kuma masu talla ba su cika ambatarta ba. Bayan rajista, ɗan'uwa, za ka nemi lambar haraji ta kamfani da ake kira EIN, domin babu bankin da zai saurare ka sai da ita. Kyauta hukumar take bayar da ita, duk abin da aka karɓa a hannunka ladan wanda ya cike fom ne. Wanda ba shi da lambar shaidar haraji ta Amurka ba ya iya nema ta intanet, sai ya cike fom SS-4 ya aika ta faks ko gidan waya, ko ya buga waya.

Babban lamarin shi ne fom 5472. Tun daga shekarar haraji ta 2017, LLC ɗin da mutum ɗaya ɗan ƙasar waje ya mallaka yana miƙa wannan fom haɗe da fom 1120, yana bayyana kuɗin da suka gudana tsakaninsa da mai shi, har da abin da ka zuba daga aljihunka don kafa shi da abin da ka cira don kanka. Ranar 15 ga Afrilu ce wa'adin, kuma rashin miƙawa yana da tarar dala 25,000, ko da babu harajin da ake binka. Idan kuwa ku biyu ne, kai da wani ɗan'uwanka, hukumar za ta ɗauke ku a matsayin abokan tarayya, fom ɗin ya koma 1065, wa'adin kuma 15 ga Maris. Saboda haka ka saka ladan akanta wanda ya san dokar Amurka a cikin lissafinka na kowace shekara, kuma sau da yawa ya fi abin da Wyoming take karɓa.

Sannan takardar kamfani ba ta tilasta wa banki ya buɗe maka asusu. A 2024 an samu bankin intanet na Amurka da ya rufe asusun masu kamfanonin da suke zaune a Najeriya, duk da cewa kamfanonin nasu suna da rajista a can. Ka fara tabbatar da wanda zai karɓe ka da fasfo ɗin Najeriya da adireshin Kano kafin ka biya ko sisi.

Lauya Mai Chamba a Zoo Road

Malam Baduku, maganarka ta rashin rajista da CAC ce ta fi jan hankalina, kuma da ita nake ganin ya kamata a fara. Fatarka a Kano ake jeme ta, a Kano ake ɗinka ta, daga Kano kuma take fita, don haka kamfanin Wyoming ba zai ɗauke maka ko ɗaya daga cikin wajiban da suke kanka a gida ba. Mazaunin Najeriya yana biyan haraji a kan abin da ya samu ko daga ina ya fito, kuma babu yarjejeniyar kauce wa biyan haraji sau biyu tsakanin Najeriya da Amurka.

Tsarinmu ya saɓa da nasu, domin a nan rajistar kamfani aikin tarayya ne, CAC ce kaɗai take yi, kuma takardar da ta ba ka tana aiki a Kano da Legas da Maiduguri ba tare da sake rajista ba. Dokar kamfanoni ta CAMA, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Agustan 2020, ta sauƙaƙa wa irinka abubuwa da dama. Mutum ɗaya yana iya kafa kamfani mai zaman kansa, alhali a ƙarƙashin dokar 1990 sai an samu biyu, abin da ya sa mutane suka riƙa saka sunan mata ko ƙane don cika sharaɗi kawai, daga baya kuma a zo rabon gado a rasa yadda za a warware. Mafi ƙarancin jarin hannun jari naira 100,000 ne, kuma ƙaramin kamfani ba dole ba ne ya naɗa sakatare. Ta intanet ake yin komai: ka kama suna, a riƙe maka shi kwanaki 60, ka shigar da lambar NIN da adireshin ofis da bayanin sana'ar, ka biya kuɗin CAC da harajin hatimi, waɗanda suke ƙaruwa gwargwadon jarin da ka rubuta. Don haka kada wani ya zuga ka ka rubuta miliyoyin da ba ka bukata. Abin da yake na jiha shi ne rajistar wurin kasuwanci da harajin albashin ma'aikata, waɗanda ake biya wa Jihar Kano.

Kada kuma ka tsaya a rajistar sunan kasuwanci don ta fi arha. Sunan kasuwanci ba ya raba dukiyarka da ta sana'ar, idan bashi ya hau ko mai saye ya kai ƙara, gidanka da babur ɗinka suna cikin abin da za a iya bi. Kamfani ne yake tsayawa da ƙafarsa a gaban shari'a, muddin ba ka cakuɗa kuɗinsa da na cefane ba. Da takardarsa za ka buɗe asusun dala na kamfani a bankinka, ka yi rajista da hukumar bunƙasa fitar da kaya ta NEPC, kuma kamfanonin karɓar kuɗi na gida irin su Paystack, wanda Stripe ɗin da kake nema ya saya a 2020, suna buɗe wa kamfani mai rajista hanyar karɓar katin ƙasashen waje bayan sun tantance shi. Ka gwada wannan tukuna, idan har bai biya maka bukata ba sai a koma ga maganar Alhaji.

Badukun Cikin Birni

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Zan fara da CAC kamar yadda Barista ya ce. Tambaya ɗaya ta rage, domin abokin nawa ya buɗe nasa a Delaware, daga baya cinikin ya tsaya, shi kuma ya daina biyan komai, yana ganin kamfanin ya mutu da kansa. Shin haka abin yake, Hajiya?

Hajiya Akanta

Ba haka yake ba, ɗan'uwa. A Delaware harajin shekara yana ci gaba da taruwa tare da tara da ƙarin kowane wata, kuma sai an shekara uku ba a biya ba jihar take soke takardar. Idan yana son ya rufe shi yadda doka ta tanada, sai ya biya abin da ake binsa, ya shigar da takardar sokewa wadda ita ma tana da kuɗinta, ya sanar da wakilinsa don ya daina rubuta masa bashi. Amma ka gaya masa ya fara duba ko ya taɓa miƙa fom 5472 tun daga shekarar da ya kafa kamfanin, domin kowace shekara da tararta, kuma soke rajista a jiha ba ya shafe abin da hukumar tarayya take nema. Ya tattara takardar kafawa da wasiƙar EIN da bayanan asusun banki, ya kai wa akanta kafin wasiƙar hukumar ta riga shi.