Firjinmu ɗaya da abokiyar zamana

Malamar Firamare:
Assalamu alaikum. Muna koyarwa a wani ƙauye kusa da Ringim, ɗakinmu ɗaya, ɗan firjinmu na sola ɗaya. Likita ya ce in rage gishiri da zaƙi saboda hawan jini. Ita kuwa kullum ta cika shi da lemon kwalba, dafaffen zogalena da kindirmona su kwana waje su lalace. Ta girme ni, ina jin nauyinta. Yaya zan yi?

Maman Biyu:
Wa alaikumus salam. Ki ce, "Yaya, don Allah bar min ƙasan." Lafiyarki ce fa.

Ɗan Gumel:
Malama, shanya zogalen a inuwa. Busasshe ba ruwansa da firji.

Malamar Firamare:
Na yi mata magana jiya. Ta kwashe kwalabe 6, har muka ci kwaɗo tare.